Ƙanƙarar da Harisu Ya Kawo Gida

Harisu ɗan garinmu ne, Urafane, katangarmu ɗaya da su. Yaro ne mai ƙwaƙwalwa, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Amma Allah ya yi shi da gaggawa. Tun yana ƙarami, idan aka tura dankali a toka shi ne mai zaro nasa da ɗanye ya ƙona baki. Da ya girma gaggawar ta girma tare da shi, ta kuma samu abokiyar tafiya, wato ganin cewa duk wanda ya ce masa ya dakata bai kai shi fahimta ba ne. Ni tela ne, sunana Mahaman, na girme shi da 'yan shekaru, kuma ban taɓa ɗinka masa riga ba tare da ya tsaya a kaina yana tambaya ko saura hannu ɗaya ba.

Mahaifinsa makiyayi ne, ya rasu Harisu yana ƙaramar makaranta. Mahaifiyarsa, Inna Barira, ita ta riƙe shi da ƙanwarsa Huda, da 'yan awakinta da gonar wake. Harisu ne ɗanta na fari, don haka akwai kunya tsakaninsu irin ta mutanenmu. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma zama ta yi hira da shi ido da ido. In tana son ya ci abinci sai ta ce wa Huda, da ƙarfi yadda zai ji, a gaya wa yaron nan tuwo yana hucewa. Shi ma in yana da magana sai ya bi ta kan Huda, ko ya faɗa yana kallon ƙasa. Duk da haka kowa a unguwa ya san inda zuciyarta take. Da ya shiga jami'a yana karatun cututtukan dabbobi, sai ta samu sunan da bakinta zai iya faɗa, ta koma ce masa Lokotoro, wato likita.

Abin da ya faru a jami'a ban gani da idona ba, shi ya ba ni labari daga baya, kuma ba na jin ya rage komai. A sashensu akwai ɗakin gwaji, su suna ce masa labo. Mai kula da shi wata malama ce, Madam Shamsiyya, mace mai sanyin murya da ba a yi mata gardama. Dokokinta ba su da wuyar ganewa. Ba a ci ba a sha a ciki. Farar riga ba ta fita waje. Babu abin da ke shiga firjin labo sai ta san mene ne kuma na wane ne. Wanda zai je karkara ɗebo jini ko naman dabba sai kwamitin tsaron lafiya na jami'a ya zauna ya yarda, a ba shi safar hannu da abin rufe hanci da wani irin mazubi mai rufi uku, ɗaya cikin ɗaya, a kuma haɗa shi da ma'aikacin dabbobi na gwamnati.

Akwai doka guda da take maimaitawa har ɗalibai suna kwaikwayon muryarta a bayan ido. In dabba ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini yana fita ta hanci bai daskare ba, ba a farka cikinta. Ana tsoron ciwon saifa ne. Ƙwayar cutar nan in ta sha iska sai ta yi wa kanta ɓawo ta kwanta cikin ƙasa shekara da shekaru, kuma tana kama mutum ta rauni a fata ko ta ciki. Ta ce labonsu bai kai ya taɓa irin wannan ba, babban ɗakin gwaji na Yamai ake aika wa. Harisu ya haddace duk wannan, ya ma fi kowa samun maki a kai. Shi dai a ganinsa an yi dokokin ne saboda ɗalibai masu rawar hannu, ba irinsa ba.

A shekararsa ta ƙarshe azumi ya faɗo cikin tsakiyar bazara. Yana neman abin da zai rubuta kundin kammala karatu a kai, yana son abin da babu wanda ya taɓa kawowa. Ana cikin haka sai Baffa Ya'u, wani aminin mahaifinsa da ke kiwo a wata ruga kusa da Attantane, ya kira shi ya ce shanunsa suna faɗuwa. Saniya za ta fita kiwo lafiya, kafin rana ta take ta mutu. Harisu ya ruga wurin Madam Shamsiyya. Ta saurare shi, ta ce za ta sanar da hukumar dabbobi ta yankin, kwamiti kuma zai zauna, in an yarda zai bi tawaga ya gani da ido. Ya ce kafin kwamiti ya gama shan iska ai ungulu ta cinye shaidar.

Ta ce, "Non, Harisu. Ba ka zuwa kai kaɗai. Wanga ba abin gaggawa ba ne, abin tsoro ne."

Ya ce to. Washegari ya ari wani jan akwatin sanyi irin na masu sayar da lemo, ya cusa safar hannu ɗaya a aljihu, ya hau mota zuwa Mayahi. A can ya sayi ƙanƙara ƙulli-ƙulli cikin leda ya cika akwatin. Da yake bai samu mazubin jami'a ba, sai ya sayi kwalaben mayonis da aka wanke a kasuwa. Ya ɗauki kabu-kabu har rugar.

Baffa Ya'u ya yi murna, ɗan amininsa ya zama mai ilimi ya zo taimako. Akwai wata karsana da ta mutu da safen nan, jini baƙi ƙirin a hancinta. Harisu ya ga alamar, ya kuma gane ta. Ya ce mini gabansa ya faɗi, amma faɗuwar ba ta daɗe ba, sai ya ji wani daɗi ya biyo baya, don ya hango kansa gaban malamai da abin da ba wanda ya kawo. Ya sa Baffa Ya'u ya riƙe ƙafa da hannu tsirara, ya farka cikin. Saifar ta kumbura ta yi baƙi tana narkewa a hannu. Ya yanko, ya ɗebi jini, ya cika kwalabe biyu, ya naɗe su cikin baƙar leda, ya sa a ƙasan akwati, ya jera ƙanƙara a kai. Sauran jinin ƙasa ta shanye. Ya bar gawar a buɗe ya hau babur, da niyyar ya kwana a Urafane, da safe ya wuce Tasawa ya samu mota.

Wanda ya san hanyar nan ya san yadda take jijjiga mutum. Akwatin yana ɗaure a bayan babur yana buguwa, kwalaben suna haɗuwa da juna a ciki.

Ya iso gida bayan la'asar. Ranar an yi zafin da har kaji suka buɗe baki. A azumin bazara, a unguwa irin tamu da ba ta da firji, ƙanƙara ba ƙaramin abu ba ce. Inna Barira tana tsakar gida tana tace zoɓo, ta ɗaga ido ta ga akwatin da raɓar sanyi a jikinsa. Ba ta dube shi ba. Ta juya wajen 'yarta, fuskarta cike da fara'a.

"Huda, zo ki ga abin da Lokotoro ya kawo muna. Ashe ya tuna da azuminmu."

A nan ne magana ɗaya za ta raba komai. Amma ya zai buɗe baki ya ce wa uwar da ba ya iya haɗa ido da ita, cikin watan azumi, cewa mushe ne ya shigo mata da shi gida? Ita a saninta ɗanta allura yake koyon yi wa shanu, cikin farar riga. Ga kuma murnar da ya gani a fuskarta. Sai ya ajiye akwatin a ɗakinta, don ya fi sanyi, ya ce wa Huda akwai kayan makaranta a ƙasa, kada a taɓa sai ya dawo. A ransa zai je ya yi tunanin dabarar da zai yi. Huda kuwa abin da ta fahimta shi ne kayan makarantar ne ba a taɓawa, ƙanƙara ai ta gida ce.

Shagona ya zo, don ina da faranti mai ɗaukar hasken rana, ya sa wayarsa caji. Na tsokane shi na ce yau kuma wa ya biyo shi, ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya kishingiɗa a benci, ga azumi ga rana ga jijjigar hanya, barci ya kwashe shi. Ni kuma ɗinkin sallah ya sha mini kai, ban tashe shi ba sai da aka kira magariba. Daidai nan aka aiko mini da kwanon zoɓo daga gida, ƙanƙara tana yawo a ciki. Na yi bisimilla na kafa kai na sha, na ji sanyin har tafin ƙafata, na miƙa masa ina sa masa albarka.

Ya dubi kwanon ya ce, "Ina kuka samu ƙanƙara?"

Na ce, "Kai kuma. Gidanku mana. Inna ta raba ma unguwa duka."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. Bai karɓi kwanon ba, bai ɗauki wayarsa ba, ya fita da sassarfa, takalminsa ɗaya a shagona.

Ya tarar da akwatin a buɗe a tsakar gida, an kife shi yana tsanewa. Baƙar ledar tana gefe a kan turmi, an goge ta tsaf. Inna Barira tana zaune a tabarma tana ba Huda labari don shi ya ji. Ta ce ƙullin da ke sama, masu kyau, ta aika gidan liman da gidan mai jego da gidan tela da sauran maƙwabta, don ba a shan irin wannan a ɓoye. Huda ma ta samu nata. Da ta kai ƙasa sai ta ga 'yan ƙullin da suka fashe sun narke, ruwan ya taru, ta ɗaga kayan makarantar a hankali ta share su da hannunta, ta juye ruwan a nata zoɓon. Ta ce ya ɗan yi ja, amma ai akwatin ja ne. Ko ɗigo ba ta bari ya ɓaci ba.

Harisu ya ɗauki ledar ya zaga bayan ɗaki ya kwance. Kwalba ɗaya lafiya lau. Ɗayar ta tsage daga wuya zuwa gindi, rabin abin da ke ciki babu.

Ya ce mini ya durƙusa a wurin. Ya san abin da ya kamata. Ya karanta cewa in aka ba mutum magani da wuri, kafin cutar ta kama jiki, ƙwayoyin magani kaɗai sun isa. Abin da ake bukata shi ne ya kira Madam Shamsiyya ya faɗi gaskiya. Amma faɗin gaskiya yana nufin kora daga jami'a, yana nufin unguwa duka ta san ya shayar da ita ruwan mushe, yana nufin Inna ta ji. Sai zuciyarsa ta fara kawo masa sauƙi. Wataƙila ba saifa ba ce. Wataƙila sanyi ya kashe ƙwayar. Wataƙila tsamin zoɓo ya kashe ta. Ya yanke shawarar zai koma ya duba da kansa tukuna, in ba ita ba ce shi ke nan babu wanda zai sani. Da gari ya waye ya karɓi wayarsa a hannuna, bai yarda mun haɗa ido ba, ya tafi.

A jami'a ya shiga labo lokacin da ba kowa, ya tura ledar can ƙuryar cikin firjin da ɗalibai duka suke amfani da shi, babu suna babu alama. Sai dai samun ɗakin shi kaɗai na tsawon lokacin da zai yi gwaji ya gagara, don lokacin kowa yana fama da nasa aikin. Ya shiga jira, shi da bai taɓa jiran komai ba. Kullum sai ya kira Huda ya tambayi lafiyar gida, har ta fara yi masa dariya tana cewa yaushe ya koyi zumunci. In ta ce lafiya lau sai ya ji kamar an sauke masa dutse, kafin azahar tsoron ya dawo. Ya daina cin abin kirki.

Ran nan Huda ta ce masa Inna tana ɗan jin ciki, amma ta ce azumi ne. Ta kuma ce wani ƙurji ya fito mata a yatsa, inda wuƙa ta yanke ta wajen yankan kuɓewa, yana ƙaiƙayi ba ya zafi. Harisu ya san abin da ƙurji marar zafi yake nufi. Duk da haka bai gaya mata gaskiya ba. Ya ce a saya mata maganin zazzaɓi, ya kashe waya.

Sai ranar hutun mako ya samu labo ba kowa. Ya shafa jinin a gilashi, ya zuba masa launi, ya sa a madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. Ya ga ƙwayoyin cutar a jere, sanda-sanda, gaɓa na bin gaɓa kamar karan dawa, daidai yadda suke a hoton da ya ci jarrabawa da shi. Bai ma tuna ya cire farar rigar ba. Da ita ya fita, ya je har gidan Madam Shamsiyya.

Ya zaci za ta yi faɗa. Ba ta yi ba. Ta hana shi shigowa, ta sa ya tsaya a ƙofa, ta tambaye shi wa ya taɓa, wa ya sha, tun yaushe. Da ya faɗi tun yaushe sai ta rufe ido. Nan take ta shiga kiran waya. Aka rufe labo aka sa masa kwaɗo. Aka nemo duk ɗalibin da ya buɗe firjin nan aka ɗora shi a kan magani, aka ƙone abin da ke ciki, har da aikin da wasu suka shekara suna yi. Aka sanar da hukumar lafiya da ta dabbobi.

Mu a Urafane ba mu san komai ba sai da muka ga motoci sun tsaya a ƙofar gidan Inna Barira, mutane sun fito da fararen kaya da rufaffun fuskoki. Mai unguwa ya bi gida-gida yana cewa duk wanda ya sha ƙanƙarar ran nan ya fito. Ba zan ɓoye ba, na ji tsoron da ban taɓa ji ba. Na tuna yadda na kafa kai a kwanon nan. Na tuna matata ta ba 'yarmu ƙarama wani guntu tana tsotsa tana dariya. Muka yi layi a rana, kowa yana taɓa cikinsa yana duba hannuwansa. Mai jego tana rungume da jaririnta tana kuka marar sauti. Liman da kansa yana cikin layi, leɓensa yana motsi. Aka duba mu ɗaya bayan ɗaya, aka ba mu ƙwayoyi, aka ce duk wanda ya ji zazzaɓi ko ciwon ciki kada ya jira. Kwanakin da suka biyo baya, ko cikina ya yi ƙugin yunwa sai na ce cutar ta zo.

Inna Barira kuwa ba ta iya fitowa layi ba. A kwance suka same ta, cikinta ya kumbura, ta fara aman jini tun jiya ta hana Huda faɗa, wai kada a tayar wa Lokotoro hankali yana karatu. Ƙurjin yatsan ya zama baƙin tabo. Aka ɗauke ta zuwa asibiti a Tasawa. Wata tawaga ta wuce rugar Baffa Ya'u, ta tarar da shi da irin wannan tabon a hannu, karnuka sun ja gawar karsanar sun watsa, wasu shanun sun ƙara faɗuwa. Shi an yi masa magani ya warke, amma aka killace wurin kiwon aka ce kada dabba ta sake taka shi.

Na bi su Tasawa, don Huda ba ta da kowa. A can na tarar da Harisu a bakin ɗaki, ya rame kamar wanda ya yi jinyar wata. Likitan ya fito ya yi masa magana a gabana, ba da faɗa ba. Ya ce suna yin iyakar ƙoƙarinsu, amma cutar ta riga ta shiga jini. Ya ce da an kawo ta ranar da ta sha, ko ma ranar da ta fara jin cikin, da labarin ba haka yake ba. Harisu ya dafa bango.

Da yamma ta farfaɗo ta nemi a shigo da shi. Huda ta riga ta gaya mata komai. Ya durƙusa a gefen gado, kansa a ƙasa kamar yadda ya saba. Ta fara tambayar Huda maƙwabta, ɗaya bayan ɗaya, har jaririn mai jego. Huda ta ce duk lafiya, babu wanda ya kamu. Ta ce alhamdu lillahi da ita ta sha na ƙasan. Sannan ta yi abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta juyo da fuskarta ta dube shi sosai.

Ta ce, "Harisu."

Ya ɗago a firgice, don tunda aka haife shi bai taɓa jin sunan a bakinta ba.

"Da ka ce mani mushe ne, ai sai in ce ka aje shi bayan gida. Ni na haife ka. Mi za ka ɓoye mani?"

Ta ɗora hannunta mai lafiyar a kansa, ta bar shi a nan har barci ya ɗauke ta. Ba ta sake magana ba. Washegari da hantsi ta cika, ana saura kaɗan sallah. Ko wankan gawa ba a bar mata su yi mata yadda aka saba ba, ma'aikata ne suka shirya ta da safar hannu, muka yi mata salla daga ɗan nesa.

Jami'a ta kore shi, bai kuma nemi a sassauta masa ba. Yanzu yana nan Urafane yana noma gonar waken da ta bari. Mutanen unguwa ba su tsane shi ba, amma an daɗe kafin wani ya karɓi ruwa daga hannunsa. Ya daina gaggawa, sai dai ba irin dainawar da ake yi wa mutum fata ba. Duk azumi, in mai ƙanƙara ya shigo gari da babur yara suna binsa, Harisu yakan tashi daga bencin shagona ya shige gida. Atamfar da Inna Barira ta kawo mini in ɗinka mata, wadda ta ce za ta sa ranar da Lokotoro zai karɓi takardarsa, tana nan cikin akwatina. Na taɓa ce masa ya zo ya ɗauka, ya ce in bar ta tukuna.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Dokar da aka kafa a ɗakin gwaji, da kwamitin da ke cewa a dakata, ba don a raina ilimin kowa aka yi su ba. An yi su ne saboda mutanen da ba su taɓa shiga ɗakin ba, irin Inna Barira, waɗanda ba su san abin da ke cikin kwalba ba, sun dai yarda da wanda ya ɗauko ta. Duk mai aiki da abin da ke iya kisa ya bi ƙa'ida ko da yana ganin ya fi mai ƙa'idar sani, kada kuma ya kai shi inda iyali suke ci suke sha. In kuwa kuskure ya riga ya faru, a faɗa nan take, ga wanda zai iya ɗaukar mataki. Gaggawa ce ta kai cutar gidan Harisu, amma shirun da ya yi don kunya da tsoron kora shi ne ya hana a ceci mahaifiyarsa. Kunyar da za a ji in an faɗi gaskiya tana wucewa, wanda aka rasa saboda an yi shiru kuwa ba ya dawowa.